Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kamfanonin Ɗab'i da Editocin Littattafan Soyayya na Ƙagaggen Labarin Kimiyya

Ya ku masu girma,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne a matsayina na mai karatu, ɗaya daga cikin ɗimbin mutanen da ke sayen littattafanku masu haɗa soyayya da ƙagaggen labarin kimiyya, su karanta, sannan su zauna su rubuta abin da suka ji a ransu. Ƙorafina guda ɗaya ne, sauran duk rassansa ne: kuna ƙirga taurarin da muke bai wa littafi a shafukan sharhi na intanet, wato makin yabo daga tauraro ɗaya zuwa biyar, amma ba ku karanta maganar da muka rubuta a ƙarƙashin taurarin. Da kuna karantawa, da littattafan da kuke turo mana a 'yan shekarun nan ba su yi kama da juna har haka ba.

Ba sai na tuna muku ƙarfin bakin mai karatu ba, domin kun ci moriyarsa. A shekarar 2015 Ruby Dixon ta wallafa Ice Planet Barbarians da kanta, ba tare da wani babban kamfani ya tsaya mata ba. Sai da aka shekara shida, a 2021, masu karatu a TikTok suka ɗaga littafin sama, kamfanin Berkley ya biyo sawu ya buga shi a takarda. A watan Mayun 2023 kuma, saƙo ɗaya tak da wani mai karatu ya rubuta a Twitter ya tayar da This Is How You Lose the Time War, na Amal El-Mohtar da Max Gladstone, wanda ya fito tun 2019, ya kai shi sahun gaba na littattafan da aka fi saya a Amazon. Littafin ya riga ya ci Hugo da Nebula, manyan kyaututtukan ƙagaggen labarin kimiyya, kafin wannan lokacin, amma abin da kyaututtukan ba su yi masa a kasuwa ba, mutum ɗaya da littafin ya taɓa wa zuciya ya yi masa. Babu sashen tallanku da ya tsara ko ɗaya daga cikin waɗannan. Masu karatu ne suka yi, kyauta.

To wane darasi kuka ɗauka? Daga na farkon, wanda jaruminsa shuɗin baƙon halitta ne daga wata duniya, kun ɗauki launin fatar jarumin da ƙahonninsa, kuka cika mana kasuwa da ƙarti masu shuɗiyar fata, da masu kore, da masu jela. Daga na biyun kuwa kusan ba ku ɗauki komai ba, domin abin da ya sa aka so shi ba ya zanuwa a bangon littafi. 'Yan leƙen asiri ne biyu na rundunoni biyu masu yaƙar juna ta hanyar tsallakawa daga wani zamani zuwa wani, suna ɓoye wa juna wasiƙu a wuraren da ba mai tsammani, kuma kowace wasiƙa tana iya jawo wa wadda ta rubuta ta halaka. Wato wannan yaƙin na tsallaka zamunna shi ne ya haɗa su, shi ne kuma ya hana su saduwa. Idan aka cire kimiyyar, labarin ya rushe. Idan aka cire soyayyar, ya rushe. Ku riƙe wannan, domin a kansa duk maganata take.

Idan kuka zauna kuka karanta sharhin masu karatu a kan wannan nau'in adabi, za ku ga kamar mutane biyu ne ke ja-in-ja. Na farko ya taso da labaran kumbo da taurari, ya ɗauki littafinku, ya ce an yaudare shi: ba a gaya masa yadda kumbon ke tafiya ba, ba a gaya masa abin da mutanen wannan duniyar ke shaƙa ba, baƙon halitta ya sauko yana magana da harshen 'yan Adam tun a shafi na uku ba tare da wani bayani ba. Ta biyu ta taso da littattafan soyayya, ta ɗauki wani littafin naku, ta ce ita ma an yaudare ta: shafi ɗari ana bayanin injin kumbo da siyasar daulolin taurari, masoyan ba su zauna sun yi hira ta minti biyar ba, sai ga su a babin ƙarshe wai sun mutu a kan juna. Ku kuma sai ku ɗaga kafaɗa ku ce ai ba a iya wa mutane, kowa da abin da yake so, sai ku raba littattafan gida biyu, wannan ku ƙara masa inji, wancan ku ƙara masa sumba.

Ni a ganina kun bar jaki kuna dukan taiki. Mutanen nan biyu abu ɗaya suke faɗa. Dukansu suna cewa ne an ba su labari biyu da aka ɗinke da zare, ba labari ɗaya ba. A yawancin littattafan da kuke fitarwa, kimiyyar labule ce kawai da aka rataya a bayan masoya: a sauke shi a rataya na fadar sarki ko na ofishin attajiri, ba abin da zai canza a tsakaninsu. Mai karatu yana jin wannan ko da bai iya bayyana shi ba, sai ya ba da tauraro uku ya ce littafin ba laifi amma akwai abin da ya rasa. A cikin waɗannan sharhohin masu tauraro uku gaskiyar take. Mai tauraro biyar sau da yawa murna ce ta kwashe shi, mai tauraro ɗaya kuma fushi ne, amma mai uku ya so littafin, ya kuma ga inda ya gaza, ya zauna ya yi muku aikin edita ba tare da kun biya shi ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, kimiyya ta gaskiya cike take da abubuwan da ke raba masoya, irin waɗanda marubucin soyayya zai yi ta addu'ar ya samu. Haske yana gudun kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma babu saƙon da ke wuce shi. Saboda haka saƙo daga duniyarmu zuwa duniyar Mars yakan ɗauki daga minti 3 zuwa minti 22, gwargwadon inda kowacce take a zagayenta. Ku dubi abin da wannan ke nufi ga miji da matar da suka yi saɓani. Ya faɗi magana cikin fushi, ta tafi, ba ya iya kamo ta. Ya yi nadama bayan minti ɗaya, ya aika ban-haƙuri, amma sai ta ji baƙar maganar ta zauna da ita kafin ban-haƙurin ya iso, wataƙila ma ta riga ta mayar da martanin da shi ma ba ya kamuwa. Ba a katse juna, ba a dariya tare, ba a jin shirun juna. Sannan kusan kowane wata 26 rana takan shiga tsakanin duniyoyin biyu, har hukumar NASA takan dakatar da aika umarni ga na'urorinta da ke can na kimanin mako biyu. Mako biyu babu labari, ba don wani ya yi fushi ba, sai don tsarin falaki. Wace uwar miji ce a littattafan soyayya ta taɓa raba masoya da irin wannan ƙarfin?

Ku matsa gaba kaɗan. Tauraron da ya fi kusa da ranarmu, Proxima Centauri, haskensa yakan yi shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya iso mu. Wanda ya aika tambayar aure daga nan, sai ya jira kusan shekara takwas da rabi kafin amsa ta dawo, kuma wadda ta amsa ba ita ce wadda aka tambaya ba, domin shekaru sun sauya ta. Ga kuma abin da Albert Einstein ya bayyana tun 1905, cewa lokaci yakan rage gudu ga wanda ke tafiya da tsananin sauri. Matafiyin da kumbonsa ke gudun kashi 99 cikin 100 na gudun haske, shekara ɗaya a wurinsa daidai take da kusan shekara bakwai a wurin wadda ya bari a gida. Ya tafi ya dawo yana ganin shekara uku ya yi, ya tarar ta yi shekara ashirin da ɗaya tana jira, ko ba ta jira ba. Wannan ba ƙage ba ne, an gwada shi da agogo masu tsananin daidaito, kuma taurarin ɗan Adam na GPS sai an yi musu gyaran lissafin lokaci kafin su nuna mana hanya daidai.

Joe Haldeman, wanda ya yi yaƙin Biyetnam ya dawo ya tarar ƙasarsa ta zame masa baƙuwa, ya gina The Forever War a kan wannan lissafin a 1974. Ba a sayar da shi a matsayin littafin soyayya, amma ku tambayi waɗanda suka karanta shi abin da ya fi tsaya musu a rai. Sojoji biyu masu son juna aka tura fagen daga daban-daban, wanda ke nufin ƙarnoni za su shiga tsakaninsu ko da dukansu sun tsira. Shi ya dawo bayan fiye da shekara 1,000 sun wuce a duniya. Ita kuwa, da ta riga shi dawowa, sai ta shiga wani kumbo da ke kai-da-kawo da matsanancin gudu don kawai shekarunta su daina tafiya har ya iso. Dokar da ta raba su ita ce ta yi amfani da ita ta jira shi. Irin wannan ne mai karatu ke nema idan ya ce akwai abin da ya rasa.

Ko a rayuwa ta zahiri an fara. A watan Agustan 2003 ɗan sama-jannatin Rasha Yuri Malenchenko ya yi aure yana cikin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, kimanin kilomita 400 a sama, amaryar tana jihar Texas ta Amurka, aka haɗa su ta bidiyo, aka kuma kafa hotonsa na kwali mai tsawon mutum a wurin taron. Wanda ya daɗe a can sama ƙashinsa yakan rage ƙarfi da kusan kashi 1 cikin 100 a kowane wata, ya dawo sai an tallafe shi. Nauyin da Mars ke jan jiki da shi bai kai kashi 40 cikin 100 na namu ba, to wanda aka haifa a can ya so 'yar nan, wa zai bar gida, kuma jikin wa zai biya kuɗin? Duk wannan yana nan a ajiye, amma sai ku zaɓi kumbon da ke tsallaka taurari kamar ana tsallaka titi, don kada wani abu ya dami jarumin.

Na san amsar da za ku ba ni. Za ku ce mai karanta soyayya ba ya son baƙin ciki, dole labari ya ƙare da farin ciki. Gaskiya ne, kuma ina tare da masu karatu a kan wannan ɗari bisa ɗari. Ƙungiyar marubutan soyayya ta Amurka, wadda aka kafa a 1980, ta daɗe da tsayar da sharuɗɗa biyu: soyayya ta zama ita ce ƙashin bayan labari, ƙarshensa kuma ya kwantar da rai ya bar fata mai kyau. Wannan alkawari ne tsakanin marubuci da mai karatu. Wanda ya rubuta soyayya a bangon littafi sannan ya kashe jarumar a shafin ƙarshe don a ce shi gwani ne, ya ci amana, kuma tauraro ɗayan da aka ba shi haƙƙinsa ne. Amma alkawarin bai ce hanyar ta zama shimfiɗaɗɗiya ba. Sanin cewa za su haɗu shi ne ma yake ba mai karatu ƙarfin halin bin su cikin wuya. Daɗin haɗuwar gwargwadon tsadar abin da aka biya ne. Haldeman ya ba mu kyakkyawan ƙarshe, bai kuma karya dokar kimiyya ko ɗaya da ya kafa wa kansa ba.

Ba yau aka fara tambayar masu karanta soyayya ra'ayinsu ba. A 1984 Janice Radway ta wallafa binciken da ta yi a kan mata 42 masu karanta irin waɗannan littattafai a wani gari na Amurka. Abubuwan da suka gaya mata har yau su ne ake maimaitawa: suna son jaruma mai kaifin hankali da 'yancin kai, suna son soyayyar da ke ginuwa sannu a hankali, ba sa son a ci zarafin mace sannan a kira shi so, kuma suna alfahari da cewa suna koyon abubuwa game da wasu ƙasashe da wasu zamunna daga karatunsu. Wannan na ƙarshen ya kamata ya tsaya muku. Fiye da shekara arba'in ke nan da mata suka faɗa da bakinsu cewa suna son su ƙaru da ilimi a cikin labarin soyayya, amma har yanzu akwai editan da ke goge sakin layi biyu na bayanin kimiyya wai kada ya gundure su.

Yanzu bari in zo kan gajeriyar hanyar da ta zama ruwan dare. Jarumi baƙon halitta ne, a jikinsa akwai wata gaɓa ko wata ƙwayar halitta da ke karkarwa ko walƙiya idan ya haɗu da wadda aka ƙaddara masa. Ta yi karkarwa, shi ke nan, an gama. Ba sai ya san halinta ba, ba sai ta ga yadda yake idan ransa ya ɓaci ba. Ba zan raina masu son wannan salon ba, suna da yawa, kuma dalilinsu a fili yake: wadda duniya ta gajiyar da ita tana son ta karanta labarin da ake son mace ba tare da shakka ba, ba yaudara, ba ja da baya. Wannan buƙata ce ta gaskiya. Amma ku lura da waɗanne littattafan wannan salon ne su kansu masoyansa suka fi yabo. Su ne waɗanda jarumar ta tsaya ta ce jikinka ya zaɓe ni, ni ban zaɓe ka ba tukuna, sai ya koyi harshenta, ita ma ta koyi nasa, su yi kuskuren fahimtar juna, su gyara. Inda aka bar gaɓar ta yi aikin da ya kamata marubuci ya yi, sai ka ga sharhi yana cewa an yi saurin faɗawa soyayya, ba a ji komai ba.

Ga kuma maganar sata. Littafi nawa ne ke farawa da an sace mace daga duniya, an sayar da ita, an kulle ta a kumbo, wanda ya saye ta kuma shi ne masoyin? Wadda ba ta da hanyar komawa gida, ba ta jin harshen kowa, numfashinta ma a hannun mutum ɗaya yake, idan ta ce ta amince, amincewar nan nawa ce tata? Marubuci nagari yakan kalli wannan tambayar ido da ido ya gina labarin a kanta. Rago yakan yi kamar bai gan ta ba. Masu karatu sun daɗe suna bambance su, ku ne ba ku bambancewa. Haka ma batun ciki da haihuwa da ake liƙawa a babin ƙarshe. Doki yana da ƙwayoyin gado 64, jaki yana da 62, 'yan uwan juna ne na kusa a duniya ɗaya, amma alfadarin da suke haifa kusan kullum ba ya haihuwa. Sai ga 'yar Adam da halittar da ta taso a ƙarƙashin wata rana daban sun haifi tagwaye cikin wata tara ba tare da ko ciwon kai ba. Ba wanda ya ce ku kawo mana darasin jami'a. Jimla uku sun isa su nuna cewa marubucin ya san akwai matsala, ya kuma bar masoyan su sha wuyarta. Rashin haihuwar ma kansa labari ne, da kun bari an rubuta shi.

Abin mamaki, littafin da mutane da yawa ke ɗauka a matsayin mafarin ƙagaggen labarin kimiyya ya riga ku ganin wannan. A Frankenstein, wanda Mary Shelley ta fitar a 1818 tana da shekara 20, halittar da aka ƙera abu ɗaya ta roƙa daga wanda ya ƙera ta: abokiyar zama. Ya fara aikin, sai tunani ya zo masa cewa ita wannan macen za ta kasance mai hankalin kanta, tana iya ƙin yarjejeniyar da aka ƙulla tun ba a halicce ta ba. Fiye da shekara 200 ke nan da aka yi tambayar. Yau da mutane ke hira da manhajojin ƙirƙirarriyar basira har su shaƙu da su, tambayar ta bar cikin littafi ta shigo ɗakunan mutane. Tun 1966, da Joseph Weizenbaum ya ƙera ELIZA, wata manhajar kwamfuta mai mayar wa mutum hira a rubuce, a jami'ar MIT ta Amurka, ya firgita da yadda mutane ke buɗe wa ƙaramar manhajar nan cikinsu, har sakatariyarsa ta nemi ya fita daga ɗakin ya ba su wuri. Mai karatun yau ya san wannan jin a jikinsa. Idan kuka ba shi labarin mutum-mutumin da aka ƙera don ya so mai shi, zai tambaya ko wanda ba ya iya cewa a'a yana iya cewa e. Littafin da ya kauce wa tambayar ya tsufa tun kafin a buga shi.

Wani ɓangaren laifin na editocin ɓangaren kimiyya ne, waɗanda har yanzu suke yatsina fuska idan aka ambaci soyayya, kamar ta rage wa labari daraja. Su je su duba tarihin kyaututtukansu. Lois McMaster Bujold ta fara jerin littattafanta da Shards of Honor a 1986, labarin mace kwamandar kumbon bincike da hafsan sojan ƙasar da ke gaba da tata, dukansu manya masu hankali, ba yara ba. Ta ci kyautar Hugo ta littafi mafi kyau har sau huɗu, kuma ɗaya daga cikinsu, Barrayar, a kan auren waɗannan biyun ne da yadda na'urar rainon ciki a wajen jikin uwa ta girgiza al'ummar da ba ta saba da ita ba. Catherine Asaro, mai digirin digirgir a kimiyya daga jami'ar Harvard, ta ci Nebula da The Quantum Rose, labarin soyayyar da ta ɗora a kan tsarin lissafin haɗuwar ƙananan ƙwayoyin zarra. Waɗannan ba su nemi afuwar kowa ba. Duk da haka, a 2023 Goodreads, shafin intanet da masu karatu ke sharhin littattafai, ya buɗe wa soyayya mai haɗe da tatsuniyar sihiri rukuni nata na kanta a zaɓen gwanayen shekara, ita kuwa soyayyar kimiyya tana nan tana raɓe-raɓe, a ɓangaren kimiyya a ce ta cika sumba, a ɓangaren soyayya a ce ta cika inji. Ku ne kuke da bakin da za ku nema mata mazauni, ba mu ba.

Akwai kuma abin da kuɗi ke yi wa labari. Tun watan Yulin 2015 tsarin Kindle Unlimited na Amazon, inda mai karatu ke biyan kuɗin wata ya karanta littattafai ta na'ura, yake biyan marubuta gwargwadon yawan shafukan da aka karanta. Ba sai an yi dogon nazari ba a gane inda wannan zai kai: jerin littattafai ashirin a duniya ɗaya, kowane ɗan'uwan jarumi da abokinsa da mai gadinsa sai an ba shi nasa littafin, labarin da zai ƙare a shafi 200 a ja shi zuwa 400, a yanke shi a tsakiyar tashin hankali don a sayi na gaba. Ban ga laifin marubucin da ke neman abin kansa ba. Amma idan mai karatu ya rubuta cewa littafi na tara na farkon ne aka sauya wa suna, ba ƙiyayya ba ce, hannunka mai sanda ne yake yi muku kafin ya tafi gaba ɗaya.

Tunda kuwa a kan ra'ayinmu kuke cin abinci, ku kare shi daga gurɓata. A watan Disambar 2023 wata sabuwar marubuciya, wadda littafinta na farko labarin soyayya ne a sararin samaniya, ta amsa cewa ta buɗe asusun bogi a Goodreads tana zubar da darajar littattafan wasu sababbin marubuta tana ɗaga nata. Kamfanin ɗab'inta, Del Rey, ya fasa buga littafin. Masu karatu da marubutan da abin ya shafa ne suka bankaɗo ta, ba wani kamfani ba. A 2024 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta kafa dokar haramta saye da sayar da sharhin bogi. To ban da doka, akwai abin da ke hannunku: ku daina cire mutum daga jerin masu samun littafi kafin fitowarsa don ya ba da tauraro uku, ku kuma ja kunnen marubutanku su daina bin masu sharhi suna musu da su ko suna tura musu magoya baya. Wurin sharhi na masu karatu ne, suna magana da junansu. An yarda ku saurara, ba a yarda ku tsawata ba.

Saura maganar bango da bayanin bayan littafi, wadda ita ce mafi sauƙin gyarawa kuma ita ce ke haifar da mafi yawan fushi. Ku daina yi mana angulu da kan zabo. Akwai littafin da aka yi wa bango da zanen barkwanci mai launin alewa, matashiya ta ɗauka, ta tarar da abin da ko babba sai ya rufe shafi. Akwai wanda aka zana ƙato ba riga a bangonsa, alhali cikinsa labari ne mai nutsuwa da zurfin tunani, wanda ya kamata ya karanta shi ya wuce bai ko kalle shi ba. Masu karatu sun riga sun ƙirƙiro ma'auninsu na yawan bayanin shimfiɗa a littafi, suna sanar da juna, domin wasu suna nema, wasu kuma suna gudu, kuma kowannensu yana da haƙƙin ya sani kafin ya biya kuɗinsa. Ku ɗauki wannan aikin daga wuyansu. Layi uku a shafin farko sun wadatar: ko labarin ya kammala a wannan littafin ko sai an sayi na gaba, ko masoyan sun haɗu a ƙarshe, da kuma irin abin da ke ciki na shimfiɗa ko na cin zarafi.

Sannan kowane littafi na wannan nau'in a ba shi masu dubawa biyu kafin ya tafi maɗaba'a, ɗaya wanda ya san kimiyya, ɗaya wanda ya san soyayya, kowannensu a yi masa tambaya guda: idan aka cire ɓangaren ɗan'uwanka, labarin zai tsaya da ƙafarsa? In dukansu suka ce zai tsaya, ku mayar wa marubucin da rubutunsa ya sake zama a kansa.

Na gode da lokacinku.

Taku,
Wata mai karatu